Kitsen Da Aka Hana Yahudawa: Darasin Watanda A Gidan Waya

Yau filin namu zai ɗan huta da maganar siyasa da tsadar kaya, mu leƙa wurin fawa. Abin da ya jawo haka kuwa wata magana ce da na ji daga bakin wani dattijo a Gidan Waya, cikin ƙaramar hukumar Jama'a, wadda ta hana ni sakat har sai da na koma na kakkaɓe littattafan da na daɗe ban buɗe ba.

Na sauka garin ne ana jajibirin Kirsimeti, hunturu ya kankama, na je gaishe da wani abokina da muka yi makaranta tare. Na tarar mutanen unguwarsu sun haɗa kuɗi sun sayi bijimi don yin watanda. Kamar yadda aka saba a wurare da yawa na kudancin Jihar Kaduna, sai suka kira Musulmi ya yanka musu, domin idan an dafa an aika wa maƙwabta kowa ya ci ba tare da ɗar-ɗar ba. Mahaucin ya feɗe, ya fasa ciki, ya yaye wannan farin kitse da ke lulluɓe da kayan ciki kamar mayafi, ya ɓamɓare wanda ya rufe ƙoda, ya tara su gefe guda a kan fatar. Nan fa idon kowa ya koma can. Mai cewa a tabbata kowane kashi ya sami rabonsa na kitse, mai cewa bara an ƙware shi. Ba wanda ya yi gardama a kan ƙashi.

Akwai wani dattijo zaune a kan kujerar katako, tsohon malamin firamare ne, kuma dattijon coci. Ya yi ta kallonsu yana murmushi, can sai ya dubi mahaucin ya ce, "Malam, ka ga wannan da suke neman su yi faɗa a kansa? Da a zamanin Musa ne, ba ni ba kai ba su, ba mai ɗanɗana shi. Wuta ce za ta cinye." Mahaucin ya yi dariya ya ce, "To Baba, Allah ya sa ba a zamanin muka zo ba." Aka yi dariya aka wuce wurin.

Ni kam ban wuce ba, domin maganar ta tuna mini da wani wuri a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 996 Miladiyya, littafin da kusan duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya biya. A babin layya da yanka, bayan ya halatta abincin Ma'abota Littafi da yankansu, sai ya ce an karhanta cin kitsen dabbar da Bayahude ya yanka, amma ba a haramta ba. Sa'ad da muka zo wurin muna yara, malaminmu ya fassara, muka ce na'am, muka ci gaba. Ba wanda ya tambaya me ya raba kitse da tsoka, alhali dabba ɗaya ce, wuƙa ɗaya ta yanka. Ashe amsar tana cikin littafin da wancan dattijo yake karantawa.

A cikin Attaurar da ke hannun Yahudawa akwai littafi na uku, wanda Littafi Mai Tsarki na Hausa ke kira Littafin Firistoci. A sura ta 3 da ta 7 ne aka shimfiɗa dokar. An hana Bani Isra'ila cin kitsen shanu da tumaki da awaki, aka haɗa hanin da na jini, aka ce ka'ida ce ta har abada a duk inda suka zauna. Amma fa ba kowane kitse ake nufi ba. Harshen Ibrananci ya raba kitse gida biyu. Akwai wanda suke kira helev, watau wanda ke kwance shi kaɗai, mai 'yar fata-fata a kansa, ana iya yaye shi da hannu: na kan tumbi da sauran kayan ciki, da na ƙoda, da na wajen kwiɓi. Wannan ne haram a gare su. Akwai kuma wanda suke kira shuman, watau wanda ya ratsa cikin tsoka ya gauraya da ita, wannan halal ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mahauci ya san bambancin nan ko da bai san sunansa ba, domin na farkon shi ne wanda ke daskarewa a dasashi idan romo ya huce.

Hukuncin wanda ya ci da gangan mai tsanani ne ƙwarai, domin an ce za a datse shi daga cikin jama'arsa, kuma malamansu sun fassara wannan da cewa hukunci ne daga sama, ba na alƙali ba. Wanda ya ci bisa kuskure kuwa, a zamanin da ake hadaya, sai ya kawo dabba don kaffarar zunubinsa. Sa'an nan an yarda a yi wani aiki da kitsen mushe ko na dabbar da namun daji suka kashe, kamar shafa wa fata ko kunna fitila, muddin dai ba a kai shi baki ba.

To, ga wani abin lura. Hanin bai shafi barewa da gada da sauran namun dawa da aka halatta musu ba, bai kuma shafi tsuntsaye ba. Kitsen ƙodar barewa halal ne, na ƙodar akuya haram. Da a ce ƙazanta ce ko cuta ta sa aka hana, ai da an haɗa su duka. Abin da ya raba su shi ne, shanu da tumaki da awaki su ne dabbobi masu ƙafa huɗu da ake miƙawa a kan bagade, watau wurin ƙona hadaya, barewa kuwa ba a kai ta can.

Ga yadda abin yake gudana a irin hadayar da suke kira ta salama. Mutum zai kawo dabbarsa marar aibi, ya ɗora hannu a kanta, a yanka. Firist, watau limaminsu daga zuriyar Annabi Haruna, zai yayyafa jinin a jikin bagaden. Sa'an nan a ciro kitsen kayan ciki, da ƙoda biyu da kitsensu, da wani ɓangare na jikin hanta, a ƙone su ƙurmus. Bayan haka ne firist zai ɗauki ƙirji da cinyar dama, ragowar naman kuma mai hadaya ya ci tare da iyalinsa da waɗanda ya gayyata, a ranar ko kashegari, gwargwadon irin hadayar. Kun ga ke nan kashi uku ne: na wuta, na firist, na mai dabba. Kuma na wuta ake fara fitarwa, kafin kowa ya miƙa hannu.

Don me kitse? Mu na wannan zamani da likitoci suka cika mana kunne da maganar hawan jini da toshewar jijiya, muna iya zaton an zaɓi abin yarwa ne aka ba wuta. Makiyayi ba zai yi wannan zato ba. A wurin mutanen da ba sa ganin nama sai ranar buki, kitse shi ne shaidar cewa damina ta yi kyau, dabba ta ƙoshi, mai ita ya wadata. Mu ma da muke cewa kallon kitse ake yi wa rogo, ai mun yarda ke nan kitsen shi ne abin marmari. A Ibrananci kalmar helev ɗin nan ita ce kuma ake amfani da ita a ce mafi kyawun abu. A Littafin Farawa sura ta 45, inda Fir'auna ya yi wa dangin Annabi Yusuf alkawarin albarkar ƙasar Masar, da wannan kalma aka faɗa. A Littafin Ƙidaya sura ta 18 ma da ita aka ambaci zaɓaɓɓen mai da zaɓaɓɓiyar alkama. Saboda haka a fahimtar Yahudawa, mafi daɗin abin da ke jikin dabba an keɓe shi ga Ubangiji, wanda ya ci kuwa ya sa hannu cikin rabon da ba nasa ba.

Labarai biyu daga cikin littattafansu sun ƙara fito da wannan fili. Na farko shi ne na 'ya'yan Annabi Adamu guda biyu, wanda mu ma muka sani daga Suratul Ma'ida. A Farawa sura ta 4 an faɗi cewa Habila ya kawo 'ya'yan fari na garkensa tare da kitsensu, aka karɓi tasa baiwar, ba a karɓi ta ɗan'uwansa ba. Na biyu yana cikin littafin Sama'ila na fari, sura ta 2, labarin 'ya'yan wani babban firist mai suna Eli a garin Shilo. Su waɗannan samari sukan aiki baransu ya karɓi ɗanyen nama daga hannun masu hadaya tun kafin a ƙona kitsen, in mutum ya ce a dakata a fara fitar da na Allah, sai a ce masa ya bayar ko a ƙwace da ƙarfi. Aka lissafa wannan cikin manyan laifuffukan da suka jawo wa gidan Eli halaka. Ban ce komai ba game da masu riƙe da amanar zakka da baiko a yau, mai karatu ya yi nasa lissafin.

Akwai kuma maganar wutsiya, wadda za ta ɗaure wa mutumin ƙasarmu kai, domin tumakinmu, Uda ne ko Balami ko 'Yankasa, wutsiyarsu siririya ce. Tumakin Sham da Falasɗinu kuwa wutsiyarsu faffaɗa ce, jibgin kitse ce guda. An ce idan rago aka kawo hadaya a haɗa da wutsiyar a ƙone. Duk da haka malaman Yahudawa masu bin Talmud sun halatta cin ta a gida, sai wata ƙungiya cikinsu da ake kira Ƙara'iyawa, masu riƙo da nassi kaɗai, suka haramta. An daɗe ana wannan saɓani tsakaninsu. Ku riƙe maganar wutsiyar nan, za mu sake haɗuwa da ita.

A shekara ta 70 Miladiyya rundunar Rumawa ƙarƙashin Titus ta rushe Haikalin Urushalima, watau Baitil Muƙaddas, hadayar Yahudawa ta tsaya tun daga ran nan. Sai dai hanin bai faɗi tare da ginin ba. Bagade ya tafi, amma rabon bagade bai koma tukunya ba. An tattara hukunce-hukuncen a cikin Mishna wajen shekara ta 200, aka ci gaba da sharhi a kansu har zuwa littafin Shulhan Arukh na Yusuf Karo, wanda aka buga a birnin Banis a 1565. Daga nan ne wata sana'a ta musamman ta samu, ta mutumin da aikinsa kawai shi ne ya bi nama da wuƙa yana zare haramtaccen kitse, tare da wata jijiya ta cinya wadda ita ma aka hana su saboda labarin Annabi Yaƙub. Da yake yawancin waɗannan suna ɓangaren baya na dabba ne, kuma aikin yana cin lokaci, sai Yahudawan wurare da yawa a Turai da Amurka suka gwammace su sayar wa wasu da rabin bayan ɗungurungum, su ci na gaba. Wajen suya kuma, tun da ba kitsen sa, ba kuma a haɗa man shanu da nama a dokarsu, sai na gabashin Turai suka koma ga kitsen kaza da na dinya. Samariyawa kuwa, 'yan tsirarun da ke zaune a Dutsen Garizim kusa da Nablus, suna yanka tumaki a idinsu na Ƙetarewa kowace shekara, suna ƙona kitsen a wuta.

Wasu malamansu sun nemo wa dokar wata hikima ta daban. Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba ta Andalus, wanda ya yi aikin likita a Masar ya rasu can a 1204, ya rubuta da Larabci cewa kitsen ciki yana nauyaya jiki yana ɓata narkewar abinci. Maganar likita ce, kuma likitocin yau ba za su yi masa musu ba. Amma ba ta warware zancen barewa ba.

To mu dawo gida. Alƙur'ani mai girma ya ambaci wannan hani a Suratul An'am, aya ta 146. Ya tabbatar an haramta wa Yahudawa kitsen shanu da na tumaki da awaki, ya kuma togace iri uku: na gadon baya, da na jikin hanji, da wanda ya cakuɗa da ƙashi. Wanda ya saba sauraren Jalalaini a tafsirin watan azumi zai tuna cewa an bayyana haramtaccen da kitsen da ke lulluɓe da ciki da na ƙoda, aka kuma bayyana mai cakuɗa da ƙashi da kitsen wutsiya. Ku duba ku gani, iyakar da malamanmu suka ja ta zo kusan daidai da wadda malaman Talmud suka ja, har da wutsiyar da suka yi saɓani da Ƙara'iyawa a kanta.

Inda aka rabu shi ne dalili, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba don neman a faranta wa wani. Alƙur'ani ya ce an ɗora musu hanin ne sakamakon zaluncinsu, Suratun Nisa'i ma ta yi nuni da haka. Yahudawa kuwa ba su ɗauke shi horo ba, a wurinsu girmama rabon Ubangiji ne. Musulmi yana kan abin da Littafinsa ya faɗa, Bayahude yana kan nasa. Sanin abin da wani ya yi imani da shi, yadda shi mai imanin yake faɗarsa, bai rage wa kowa nasa imanin ba.

Yanzu sai maganar Risala ta fito sarari. Malikawa sun duba suka ga cewa Bayahude sa'ad da yake yanka bai nufi halatta wannan kitse ba, tun da a wurinsa ba abin ci ba ne, saboda haka suka karhanta. Mukhtasar na Shaihu Halilu ma ya lissafa shi cikin makaruhai. Ba su kai shi ga haramci ba domin Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ma'abota Littafi, ga kuma hadisin Abdullahi bin Mugaffal da Buhari da Muslim suka ruwaito. A yaƙin Haibara, shekara ta 7 bayan Hijira, an jefo wata jaka cike da kitse daga ganuwar Yahudawa, wannan sahabi ya rungume ta yana cewa yau ba zai ɗiba wa kowa ba, ya waiwaya sai ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana murmushi. Shafi'awa da Hanafawa ba su ga ko karhanci a ciki ba. Ku lura kuma, hukuncin ya tsaya ne a kan yankan Bayahude kaɗai, kitsen ragonka na layya halal ne tsantsa.

Su kuma Kirista, irin dattijon nan na Gidan Waya, suna karanta dokar a Tsohon Alkawari, wanda ya shiga hannun masu jin Hausa tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932, amma yawancinsu ba sa ganin ta hau kansu. A Ayyukan Manzanni sura ta 15, inda aka yanke abin da za a ɗora wa waɗanda ba Yahudawa ba, an ambaci jini, da maƙararriyar dabba, da abin da aka yanka wa gumaka, da fasikanci, ba a ambaci kitse ba. Shi ya sa ran nan Musulmi da Kirista suka tsaya a kan fata ɗaya suna rabon abin da littattafansu duka biyu suka san an taɓa hana wasu.

Mai karatu zai ce, ina ruwanmu da dokar mutanen da ba mu zauna gari ɗaya da su ba? Dalilina biyu ne. Na farko, wannan yanki ya san kuɗin da ake biya idan aka taɓa littafin wani ba da natsuwa ba. Rikicin da ya tashi ran 6 ga watan Maris 1987 a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, wadda daga baya babban mazauninta ya koma Gidan Waya, ya faro ne daga gardama a kan yadda wani mai wa'azi ya ambaci ayoyin Alƙur'ani, kafin a ankara wuta ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. An yi hasarar rayuka, an ƙone wuraren ibada. Ba a haife ni ba a lokacin, amma na tashi na tarar da tabon. Rashin sani ya fi dare duhu. Ɗaliban da wannan kwaleji ke yaye wa su ne za su tsaya gaban 'ya'yanmu a aji, Musulmi da Kirista a benci ɗaya. Zai yi kyau su fita da sanin cewa ana iya buɗe littafin maƙwabci don a fahimta, a faɗi inda aka dace da inda aka saɓa, kowa ya tashi da mutuncinsa.

Dalili na biyu ya fi kusa da tukunyarmu. An sauke mana wancan hani, alhamdu lillahi, amma tambayar da ke cikinsa tana nan: wane ɓangare muke fitarwa domin Allah, kuma yaushe? Suratul Hajji ta gaya mana naman layya da jininta ba sa isa ga Allah, taƙawa ce ke isa. Suratul Baƙara kuma, aya ta 267, ta hana mu nufar marar kyau mu bayar, irin wanda mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. To mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ranar Babbar Sallah, cinya da gadon baya su tafi gidan surukai da gidan maigida a wurin aiki, a soye sauran a cika garwa a tura ƙarƙashin gado, sa'an nan a tsince ƙashi da huhu da ganda a ƙulla a leda a ce na almajirai ne da gwauruwar ƙarshen layi. Mu ba mu da bagaden da za mu ƙona komai a kai. Abin da muka ce na Allah ne, hannun mabukaci yake faɗawa, shi ne kuma yake buɗe ƙullin ya ga matsayin da muka ba shi.

Kafin in bar wurin watandar nan, na ga an kasa kashi-kashi, aka ware guda na wata tsohuwa da mijinta ya rasu, wadda ba ta iya zuba kuɗi ba a bana. Aka tattara mata daga abin da ya rage, yawanci ƙashin haƙarƙari. Dattijon nan ya tashi da sandarsa, ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki ƙoda ɗaya da kitsenta daga nasa kason ya ɗora a kan nata. Ya ce wa yaron da zai kai, "Jeka, ka ce muna gaishe ta." Mahaucin ya dube shi, shi ma ya yanko wata tsoka daga ladan fawarsa ya ƙara.

Allah ya ba mu ikon fitar da mai kyau tun kafin mu cika namu kwanon, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalam.